Hannun da ke Teburi na Ƙarshe

Auta ta daɗe tana aikin nas a asibitin yara kafin ta sa wa ranta sai ta zama likita. Akwai wata kwaleji da ke ɗaukar irinsu, waɗanda suka yi digirin farko suka goge a aikin lafiya, ta mayar da su aji su karanta likitanci. Sai dai ƙofar kwalejin kamar kafar allura take, dokokinta kuma ba sa lanƙwasuwa. Wanda ya cika shekara talatin da biyar ba a karɓarsa. Wanda ya nema sau uku bai samu ba, ya haƙura har abada. Auta ta faɗi sau biyu a jarrabawar rubutu. A karo na uku ta haye, aka kira ta mataki na ƙarshe, alhali talatin da biyar ɗin tana bakin ƙofa tana jiran ta.

Wannan mataki shi kowa ke tsoro. Ba zama ake yi a ofis ana tambayar mutum abin da ya sa yake son likitanci ba. Ɗakin fiɗa ake kai shi, inda ɗalibai ke koyon sassan jiki a jikin gawawwaki, a tsayar da shi gaban gawa a yi masa tambayoyi. Kwalejin ta ce ta gaji da ɗaukar masu kaifin ƙwaƙwalwa da ke zubewa ƙasa tun ranar farko.

Da safe tana shiri, mijinta, wanda kowa har ita ke kira Malam saboda lissafi yake koyarwa a sakandare, ya tsaya bakin ƙofa yana tsokanarta.

"Ke da kike wuni da masu rai suna tsala miki ihu a kunne, ai matattu hutu ne. Ba mai cizo, ba mai fitsari a cinya."

"Ka ji da allonka," in ji Auta, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Mama ta sa mata albarka daga inda take zaune. Mahaifiyar Auta ce, kuma tare suke zaune tun shekarar da Yaya ya ɓata. Yaya shi ne ɗanta na fari, mai gyaran agogo ne a wata 'yar rumfa a bakin titi, shi ya riƙe gidan bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai Auta makarantar nas. Daga baya kansa ya soma taɓuwa. Ya daina magana da mutane, ya koma magana da agogunan da ke rataye a rumfar. Wata safiya ya fita da silifas, bai dawo ba. An duba asibitoci, an je wurin 'yan sanda, an bi tashoshin mota har ƙafa ta gaji. Shekaru suka tura, dangi suka fara cewa Allah ya jiƙansa. Mama kuwa duk wanda ya faɗi haka a gabanta sai ta ce, "Ka ga gawa ne?"

A kwalejin, an zaunar da masu neman shiga a wani dogon baranda mai benci. Ba su fi goma sha biyu ba, duk manya, wasu da furfura a gemu. Wata sakatariya ta fito ta karɓe wayoyinsu, ta raba musu fararen riguna da safar hannu, sannan ta zayyano dokoki ba tare da ta kalli kowa ba. Ba a buɗe fuskar gawa. Ba a tambayar wane ne mamacin ko daga ina ya zo. Duk wanda ya fita daga ɗakin kafin a sallame shi, an ɗauka ya janye da kansa.

Wani ƙaton mutum da ke kusa da Auta, mai haɗa magani ne a wani asibiti, ya ɗaga hannu.

"To idan shi mamacin ne ya tashi ya fita fa, wa ya janye, ni ko shi?"

Aka ɗan yi dariya. Sakatariyar ta jira har dariyar ta mutu, ta ce, "Ku biyo ni."

Ɗakin a ƙarƙashin ginin yake, sai an sauka matakala. Tun kafin a kai ƙasa sanyi ya fara kama ƙafa, ƙaurin maganin da ake jiƙa gawa da shi ya shiga hanci yana sa ido hawaye. Tagogin 'yan ƙanana ne can sama, daidai da ƙasar waje, ba abin da ake gani ta cikinsu sai ƙafafun masu wucewa. Teburan ƙarfe ne jere a sahu biyu, kowanne an lulluɓe abin da ke kansa da koren ƙyalle. Wani inji na ta gurnani a bango.

Auta ta saba da mutuwa. Amma wadda ta sani tana zuwa ne da ɗumi a jiki, da uwa a gefen gado tana kuka. Nan ba mai kuka. Abin da ya fara tayar mata da tsigar jiki ke nan.

Mai yin tambayoyin wata tsohuwar Farfesa ce, gajera, siririya, kanta fari fat. Muryarta ƙasa-ƙasa take, dole mutum ya sunkuyo kan gawar kafin ya ji abin da take cewa. Ta raba su tebur-tebur, Auta ta samu na ƙarshe, wanda ke jikin bango. Ta tsaya tana jira, tana jin Farfesa na matsowa sannu a hankali, tebur bayan tebur. Ana cikin haka ƙaton mai haɗa magani ya toshe baki da hannu, ya nufi matakala da sauri. Ba wanda ya kira shi. Ƙofar ta rufe a bayansa.

Da Farfesa ta iso sai ta ce, "Fito da hannunsa na hagu."

Auta ta cusa hannu ƙarƙashin ƙyallen ta jawo shi. Ya fi nauyin da ta zata. Fatar ta yi duhu ta yi ƙarfi kamar jemammiya, sanyinta na ratsa safar hannu. Farfesa ta fara nuna ƙasusuwa ɗaya bayan ɗaya, Auta na faɗin sunayensu, tun daga gwiwar hannu har suka gangaro tafi. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sai da ta juya tafin don ta nuna tushen babban yatsa, idonta ya sauka kan farcen.

Farce ne mai kauri, da tsaga a tsakiya tun daga tushe har baki. Ta san irin wannan farcen. Na mutumin da ya shekara da shekaru yana ɓalle murfin agogo da babban yatsa ne. Ta ce a ranta masu wannan sana'a da yawa suke. Ta kalli ƙaramin yatsa, ta ga ya karkace waje, kamar na wanda sarƙar keke ta karya yana yaro aka ɗora shi ba daidai ba. A hankali ta juya wuyan hannun. Tabon yana nan, zagayayye, inda ƙarfen narka dalma ya taɓa ƙona shi. Ita ta wanke ciwon da kanta lokacin tana shekarar farko a makarantar nas, yana yi mata dariya yana cewa ya samu likita kyauta.

"Tanƙwara wuyan hannun baya," in ji Farfesa.

Auta ta sa yatsunta biyu a tafin, ta tura wuyan hannun baya. Sai yatsun gawar suka fara naɗowa. A hankali suka taho, ɗaya na bin ɗaya, har suka rufe a kan yatsunta biyu suka riƙe. Haka Yaya yake riƙe ta in zai tsallakar da ita titi zuwa makaranta, don hannunta ya yi ƙanƙanta a kama shi duka.

"Me ya sa yatsun suka rufe?"

Auta ta ji wata murya tana ba da amsa, kuma muryarta ce. Ta ce jijiyoyin da ke jan yatsu sun taso ne daga damtse sun bi ta cikin wuyan hannu, in aka tanƙwara shi baya sai su ɗame, su jawo yatsun ciki.

"Ko da rai, ko babu?"

"Ko da rai, ko babu."

Farfesa ta gyaɗa kai. Auta ta dube ta.

"Farfesa, don Allah zan iya ganin fuskarsa?"

"Kin ji doka."

Daga inda take tana hango matakala. Tana kuma ganin tudun hanci da na goshi a ƙarƙashin koren ƙyallen, kusa da gwiwar hannunta, in ta miƙa hannu ta kai. Ba ta fita ba, ba ta kuma taɓa ƙyallen ba. Ta tsaya, yatsunta cikin nasa, ta amsa sauran tambayoyin duka. Da aka ce ta mayar da hannun, ta sassauta wuyan, yatsun suka buɗe yadda suka rufe. Karkataccen ne ya saki daga ƙarshe, bayan ya ɗan maƙale a safar hannunta.

Da aka sallame su kowa ya kama gabansa, ita ta zauna a benci har rana ta karkata, sannan ta ƙwanƙwasa ofishin Farfesa. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, littattafai sun cinye rabinsa. Tsohuwar ta ɗago kai ta dube ta.

"Zauna. Wa kika gani?"

Auta ta yi turus. "Yaya aka yi kika sani?"

"Duk shekara sai an samu wanda ya ga nasa. Bara wani ya rantse mini uwarsa ce a tebur na biyu. Na ba shi waya ya kira gida, ita ta ɗauka. Ɗakin nan yakan nuna wa mutum fuskar da ya shigo da ita a ransa."

"Ni ban ga fuska ba, hannu na gani."

Ta ba ta labarin Yaya, ta faɗi farcen da yatsan da tabon. Farfesa ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da gefen rigarta.

"Waɗanda ake kawo mana," in ji ta, "waɗanda aka rasa danginsu ne, aka jira har aka gaji. In kina so a buɗe fuskar, za a buɗe, amma sai da babba daga danginku. Sai dai ki san abu ɗaya. Doka ta hana a jarraba mutum a kan ɗan uwansa. In ta tabbata naki ne, jarrabawarki ta yau ta rushe, kuma yau kin yi ƙoƙari ƙwarai. Kin san shekarunki, kin san karo na nawa ne wannan. Ba tsoratar da ke nake yi ba, 'yata, so nake ki shiga da idonki a buɗe."

Da yamma Auta ta ja Malam bayan gida, wajen igiyar shanya, ta faɗa masa. Ya ce ta bari sakamako ya fito tukuna, 'yan makonni ne. In sunanta ya fito, ba mai iya soke shi cikin sauƙi, sai su je da Mama a nutse.

"Wanda ya yi shekaru a can, 'yan makonni ba za su ƙara masa komai ba. Kuma in ba shi ba ne fa? Kin zubar da na hannu, kin tayar wa tsohuwa da hankali a banza."

Maganarsa da gaskiya a ciki, ta kuma amsa da to.

Amma yatsun nan biyu suka ƙi ɗumi. Ta wanke su da sabulu, ta tsoma su a ruwan zafi, sanyin na nan a cikin ƙashi. A wurin aiki abin ya fi muni. Jariri in aka sa masa yatsa a tafi kamawa yake yi, kowace nas ta san haka, Auta ma da can abin yana ba ta dariya. Yanzu duk jaririn da ya damƙe ta sai gabanta ya faɗi. Ranar da ta fizge hannunta daga na wani ɗan kwana biyu har uwar ta harare ta, ta san ba za ta iya jira ba.

Ba ita ta fara maganar ba ma. Suna zaune da Mama suna gyaran kayan miya, tsohuwar ta lura tana ɓoye hannun dama a ƙarƙashin zane. Ta kamo shi, ta juya, ta matsa yatsun.

"Wannan hannun me ya taɓa?"

Auta ta faɗa mata komai. Ta zaci Mama za ta yi kuka ko ta faɗi. Mama ta saki hannun, ta ci gaba da tsinke ganyen da ke gabanta har ta gama, sannan ta ce, "Gobe ki kai ni."

Washegari Mama ta yi ado kamar mai zuwa gaisuwar surukai. A matakalar ɗakin fiɗa Auta ta riƙe ta, amma da suka kai ƙasa Mama ta zame hannunta. Ba ɗalibi ko ɗaya a ɗakin, daga Farfesa sai mai kula da wurin, wani dattijo mai rigar leda. Ba wanda ya nuna wa Mama tebur. Ta bi ta tsakanin sahun biyu, ba ta waiga dama ko hagu ba, ta tsaya a na ƙarshe.

Dattijon ya naɗe ƙyallen zuwa ƙirji.

An aske kan ƙwal. Kumatu sun lotsa, leɓe ya janye, fatar ta koma launin da ba na kowa ba. Auta ta duba, ta sake dubawa. Ta nemi Yaya a fuskar ba ta same shi ba, ta nemi abin da zai sa ta ce ba shi ba ne, shi ma ba ta samu ba. Fuskar za ta iya zama ta kowane namiji da wahala ta cinye.

Mama ta ƙi karɓar safar hannu. Ta ɗora tafinta a goshin, ta shafa shi zuwa ƙeya. Ta lanƙwasa kunnen ta duba bayansa. Ta sunkuya ta faɗi wata magana a hankali, wadda gurnanin injin ya hana kowa ji. Sannan ta jawo ƙyallen zuwa wuya ta gyara shi, ta tura gefensa ƙarƙashin kafaɗa, yadda ake yi wa mai barci kada iska ta shige shi. Ta miƙe.

"Ba shi ba ne."

"Mama, dubi hannun. Ga farcen, ga yatsan."

"Na gani. Ɗana ba ya kwanciya rigingine, tun yana jariri. Ba shi ba ne."

Ta juya ta kama hanyar matakala. Farfesa ta matso kusa da Auta ta ce uwa ta yi magana, ana iya rufe zancen a nan, jarrabawarta na nan yadda take. Auta ta dubi bayan mahaifiyarta, ta dubi kan da ke bisa teburin. Hanya ce aka buɗe mata a fili, ba wanda zai zarge ta in ta bi.

"A ɗebi jinina a gwada da nasa," in ji ta.

Dattijon ne ya raka su waje. Mama ta yi gaba, shi kuwa ya rage tafiya ya ce wa Auta ya tuna zuwan wannan mutumin, bai fi shekara biyu ba. Daga ɗakin ajiye gawa na babban asibiti aka kawo shi, su kuma an ce a ƙofar asibitin yara aka tsince shi, ta wajen da ma'aikata ke shiga.

Auta ba ta ce masa nan take aiki ba.

Washegari ta tsaya wurin maigadin ƙofar ma'aikata, wanda take gaisawa da shi kullum. Ta tambaye shi ko ya tuna wani da ya rasu a nan waje.

"Mai-bargo kike nufi? Allah sarki. Ai ya fi wata shida yana zama a gindin bishiyar can." Ya nuna tsallaken titi. "Ba ya roƙo, ba ya faɗa da kowa. Ya taɓa karɓar agogona da ya tsaya, ya ɓalle shi da farce, ya hura, ya miƙo mini yana tafiya. Abin da ke ba mu mamaki, duk safiya yana nan kafin ku masu aikin safe ku iso. Da ya hango ku sai ya ja bargon ya rufe kansa ruf. In kun shige sai ya buɗe, ya yi ta kallon ƙofar. Mu har tsokanarsa muke yi, mu ce Mai-bargo kunyar nas-nas yake ji."

Ta tuna bargon, ruwan ƙasa ne, gefensa ya zare. Ta tuna ƙafafu biyu masu faso da ke leƙowa daga ƙarƙashinsa. Ta wuce su ba adadi. Ta kuma tuna wata safiya da ta tarar da mota a tsaye a gindin bishiyar, mutane sun taru, ta kewaye su da sauri don ta makara.

Maigadin ya ce, "Lafiya kuwa, Sista?"

Ta ce lafiya, ta shiga. Ta yi aikinta na ranar har ƙarshe, ba ta ɓata allura ko ɗaya ba. Sai da ta shiga ɗakin canza kaya ta zauna a ƙasa, ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da ya fita.

Gwajin ya fito, jini ɗaya ne. Kwalejin ta saki gawar, ta kuma sanar da Auta cewa an soke jarrabawarta. Malam bai ce ai na faɗa miki ba. Shi ya yi ta zirga-zirgar karɓo Yaya, shi ya kira Kawu da maƙwabta, aka yi masa sutura aka kai shi makwanci. Mama ba ta fito ba. Da Kawu, ƙaninta, ya shiga ya durƙusa yana lallashinta ta zo ta yi bankwana da ɗanta, sai ta ce, "Ku je ku rufe bawan Allah, ɗan wani ne, lada za ku samu. Nawa yana nan tafe."

Auta ta riga ta cire rai da likitanci. Sai ga kiran Farfesa. Ta ce ta koma ta karanta dokar da kyau: dokar ta ce jarrabawa ta rushe, ba ta ce damar ta ƙone ba. Ta samo malamai biyu da za su tsaya shaida, in Auta za ta iya, ta zo a sake kafin ranar haihuwarta ta rufe ƙofa.

Auta ta sake sauka matakalar, wannan karon ita kaɗai. Teburin jikin bango fayau yake, an wanke shi yana ƙyalli. Aka tsayar da ita a wani, aka ce ta fito da hannu. Na wata tsohuwa ne, ƙarami, da sawun zobe a yatsa. Auta ba ta san ta ba. Tunani take yi ko a wani gida akwai mai zaune yana cewa ka ga gawa ne. Ta rikita sunayen ƙasusuwa biyu, ta gyara ɗaya, ɗayan ya tsere mata. Malaman biyu suka dubi juna. Farfesa ba ta ɗago kai ba, ta ci gaba da tambaya har ta ƙare.

Da sakamako ya fito, Auta ce ta ƙarshe cikin waɗanda aka ɗauka. Malam ya ce ko wutsiyar raƙumi ce ai a jikin raƙumin take. Ta ajiye aikin asibiti, ta sayi jaka irin ta 'yan makaranta, 'ya'yanta na yi mata dariya.

Wata rana da yamma, makonni kaɗan da fara karatu, ta dawo gida a gajiye, ƙaurin ɗakin fiɗa na bin rigarta. Yara ba su dawo daga wasa ba, Malam na makaranta. Mama na zaune a falo ita kaɗai, fuskarta a sake, irin sakin da Auta ta manta rabon da ta gani.

"Kin yi saɓani da yayanki," in ji ta. "Yanzun nan ya fita."

Auta ta tsaya da jaka a kafaɗa.

"Ya zo?"

"Ya zo. Ya rame, amma lafiyarsa lau. Ya tambaya ko sun ɗauke ki, na ce sun ɗauka. Ya ji daɗi."

"Ya ce zai dawo?"

"Kin san shi da rashin son magana. Ruwa kawai ya sha."

A kan ɗan teburin da ke gaban Mama akwai kofi biyu. Ɗaya na kusa da ita, da sauran ruwa a ciki. Ɗayan yana can ɗaya gefen, an shanye shi tas. Auta ta duba ƙofar gida, a rufe take kamar yadda ta same ta. Ta ajiye jakar, ta gaishe da mahaifiyarta yadda ta saba, ta tambaye ta ƙafa, Mama ta ce da sauƙi. Sannan ta kwashe kofunan ta kai madafa, ta wanke su ta kife, ta ɗora tukunya kafin yara su shigo.